Nauyin Ɓaunar da Ta Zama Dutse

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta ba. A bakin masallaci, a majalisarmu ta gindin darbejiya, har a kujerar mai aski, tambayar ɗaya ce: wai da gaske na je Nijar auna dabbar da ta mutu tun kafin kakan kakana? Garba tela ma cewa ya yi ya ji ƙashin aljani na je gani. Na gaji da ba kowa guntun labari, shi ya sa na zauna in rubuta shi duka, har da wurin da ban fito da kyau ba, wanda nake tsallakewa idan da baki nake faɗa.

Ni malamin dabbobi ne, shekara talatin da ɗaya ina yawo tsakanin rugagen Roni da Gwiwa kafin in yi ritaya. A aikinmu gwargwadon nauyin dabba ake zuƙar allura, kuma babu mai ɗauko maka sikeli cikin daji. Da ido ake yi. In dubi tozo, in taɓa gindin wutsiya, in shafa haƙarƙari, in ce wannan sa kilo ɗari uku da hamsin ne. Ba na ɓoyewa, na yi alfahari da idon nan, na kuma cika baki a kansa fiye da yadda ya kamata.

Sa'adatu 'yar ƙanwata ce, tana digiri na uku a jami'a. Karatunta a kan dabbobi masu kofato ne waɗanda irinsu ya ƙare a duniya, sai ƙasusuwansu ake tonowa. Shekara biyu da suka wuce ta zo har gida ta zauna a tabarma ta yi mini bayani. Ta ce ƙafar dabba ita ke ɗauke da ita kamar yadda ginshiƙi ke ɗauke da soro, saboda haka kaurin ƙashin cinya da na dantse yana tafiya da nauyin jiki. Idan aka sami dabbobi masu rai da yawa, aka san nauyin kowace, aka auna kaurin ƙashinta bayan an yanka, to ana iya ɗaukar ƙashin wadda ba a taɓa gani ba a lissafa nauyinta. Abin da take so a wurina shi ne bijimai arba'in: in hau da kowanne kan sikeli yana da rai, in an yanka in zagaya ƙashin da awo in rubuta. Ta samo mini sikeli a gonar wani mai kiwon turka wajen Gwiwa.

Shida na farko na kai su. Da kyar. Mahautanmu ba sa son sikeli ko kaɗan, don da ido da hannu ake ciniki a nan, kuma a ganinsu duk wanda ya san ainihin nauyin sa ya san asirin mai shi. Ga nisa, ga ƙorafin wai tafiya tana zubar da nama. Da na ga duk shidan abin da idona ya faɗa bai yi nisa da abin da sikeli ya nuna ba, sai na ce wahalar me nake sha? Sauran talatin da huɗun a tsaye na dube su na rubuta. Ƙashin kam na auna shi tsakani da Allah. Ban gaya mata ba, kuma a lokacin ban ɗauki abin laifi ba.

Watan jiya ta bugo waya tana murna. Ta ce saura makonni kaɗan ta miƙa aikinta, kuma malamin da ke kula da ƙasusuwan a Damagaram, Malam Lawali, yana son ganin mutumin da ya tara wannan awo mai kyau. Ta ce in taho da ƙasusuwan sa guda huɗu a dafe a kankare, suna so su ajiye. Tun daga wannan wayar hankalina bai ƙara kwanciya ba, don ban san cewa a kan lambobina aka ɗora gini mai girma haka ba.

Na hau ɗan acaɓa daga Roni zuwa Kazaure da buhuna a cinya, ƙasusuwa suna ƙwaram-ƙwaram duk ramin da muka faɗa. Daga Kazaure na shiga motar Babura, daga can muka kama hanyar Babban Mutum. A motar da za ta tsallaka da mu aka haɗa ni kujera da wata Hajiya mai fataucin robobi, mace mai faɗin jiki da faɗin murya. Kafin mu bar tasha na san sunayen 'ya'yanta bakwai da ciwon da ke damun kowanne. Ta dafa buhuna ta ce, "Alhaji, rogo ne?" Na ce a'a, kayan makaranta ne. Ban yi ƙarya ba.

A ɓangarenmu na iyaka ba a daɗe ba. A nasu ɓangaren ne kwastan ɗinsu, da suke kira duwan, ya ce kowa ya sauko da kayansa. Wani dogo siriri ya kwance bakin buhuna ya zura hannu, ya zaro ƙashin cinya fari fat. Hajiya mai robobi ta ja da baya tana salati, ta ce, "Awa biyu ina jingine da wannan abin!"

Ɗan duwan ya ce, "Baba, mi ne ne wannan?"

Na ce ƙashin sa ne.

"To ina naman?"

Na ce an cinye shi tun bara. Mutane suka fashe da dariya, shi bai yi ba. Ya juya ƙashin a hannunsa, ya dubi kan, ya ce wannan bai gama girma ba, bai wuce shekara uku ba. Na dube shi da kyau, na tambaye shi ko ɗan ruga ne. Sai ga murmushi. Ashe a bayan shanu ya tashi. Da na gaya masa abin da za a yi da ƙashin, ya kira abokan aikinsa biyu suka tsaya suna saurare, ɗaya yana tambaya ko da haka za a iya sanin nauyin raƙumin da ya mutu a Sahara. Sai da direba ya yi ta matsa hon suka sake ni. Hajiya kuwa ta yi musayar kujera da wani tsoho, har Magarya ba ta ƙara ce mini uffan ba.

A Magarya muka tsaya cin abinci. Nan na fara ganin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri cikinsa da laushi. Tsaga shi suke yi su cusa tsire da albasa a ciki. Na ce wa mai tsiren a garinmu in ka haɗa tsire da burodi za a ce yunwa ta gigita ka. Ya ce, "Ku ɗanɗana dai, Alhaji." Na ci biyu, haƙorina ɗaya yana kuka.

Da la'asar muka shiga Damagaram. Duwatsunta sun tuna mini da Kazaure, sai dai nasu a tsakiyar gidaje suke zaune kamar su ma 'yan unguwa ne. Sa'adatu na jira a tasha, ta durƙusa ta gaishe ni, ta karɓe buhun da kanta. Wani ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓarsu, ya ɗauke ni zuwa gidan Malam Lawali, inda aka gyara mini ɗakin baƙi kusa da zaure. Mutum ne gajere mai furfura, yana magana a hankali kamar mai tsoron tada wani daga barci. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Ga mai bijimai arba'in." Na ji kamar ya ɗora mini dutse a ka.

Abin kunya na farko da na yi a gidan shi ne na ruwa. An ajiye mini babban bokiti cike, ni kuma na shiga na yi wanka irin na gida, na juye shi tas har da wanke takalmi. Da na fito neman na alwala sai na ga uwargidan ta dubi bokitin ta dubi Sa'adatu. Ashe a unguwarsu famfo sai ya ga dama yake zuwa, wannan bokitin na wanka ne da alwala har zuwa gobe. Sai aka aika neman mai garuwa. Daga ranar da kofi nake wanka. Abincin yamma dambu ne da zogale, an zuba mai da yaji daidai, sai shayi a 'yan ƙananan kofuna har zagaye uku. Na sha na farko na miƙe, Malam Lawali ya ce in zauna, wanda ya tashi a kofin farko bai sha shayin gidan ba.

Washegari da hantsi suka kai ni ɗakin ajiyar ƙasusuwan. Dogon ɗaki ne mai kantoci, kowace kanta da akwatuna da lambobi. A tsakiya, kan wani teburi da aka shimfiɗa wa katifa, ga kan dabbar. Na yi shekara talatin da ɗaya cikin shanu, na ga jajayen shanun Bororo masu ƙaho kamar reshen itace, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Na miƙe hannuwana biyu iyakar iyawata, ban kai ko kusa da tsinin ƙahonin ba. Malam Lawali ya ce ɓauna ce, amma ba irin ta yanzu ba, irinta ya ƙare dubban shekaru da suka wuce. A can arewa cikin rairayi aka tono ta, a wurin da yau ko ciyawa babu, amma a zamaninta tafki ne da dorina da kifi.

Sa'adatu ta miƙo mini ƙashin cinyarta. Na karɓa da hannu ɗaya kamar yadda na saba, saura kaɗan ya kuɓuce. Baƙi ne, sanyi ƙalau, da nauyi kamar dutsen niƙa. Ta ajiye na sa na kusa da shi, sai nawa ya koma kamar na ɗan akuya. Tambayoyi suka yi ta zubo mini. Yaya take bi cikin kurmi da wannan ƙahon? Wuyan da ke ɗauke da shi fa? Me ya sa ba za a auna da haƙori ba, tunda ga turamenta nan lafiya lau? Malam Lawali ya ji daɗin wannan, ya ce ana yi da haƙori idan shi kaɗai aka samu, amma haƙori abin da dabba ke ci yake bi, ƙafa kuwa ba ta da aikin da ya wuce ɗaukar jiki, shi ya sa suka fi yarda da ita. Na manta da abin da ke damuna, na yi ta zagaya teburin kamar yaro a kasuwa.

Sai Sa'adatu ta buɗe kwamfuta. Ta nuna mini wani zane mai ɗige-ɗige da layi ya ratsa tsakiyarsu ya haura sama. Ta ce, "Kawu, kowane ɗigo dabba ce. Waɗannan na littattafai ne, ɓauna da gwanki da sauransu, amma ba su da yawa. Waɗannan jajayen naka ne. Su suka riƙe layin." Ta bi layin da yatsa har can sama inda babu ɗigo ko ɗaya, ta ce a nan ɓaunar take.

Malam Lawali ya gyara tabarau ya jawo takardun da na cike da hannuna. Ya ce, "Alhaji, akwai abin da na daɗe ina so in tambaye ku. Na farkon nan, ɗari uku da goma sha bakwai, ɗari biyu da tamanin da uku. Amma daga na bakwai har ƙarshe, duk da sifiri ko biyar suke ƙarewa. Wane irin sikeli ne wannan?"

Ba da gatse ya yi tambayar ba, so yake ya sani. Da na ce sikelin ne haka, da ya yarda, don ya ɗauke ni dattijo. Na dubi Sa'adatu, tana murmushi tana jiran in ba da amsa. Na ce, "Malam, ba sikeli ba ne. Idona ne. Shida kawai na hau da su."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kawu, talatin da huɗu?" Na ce talatin da huɗu. Ta rufe kwamfutar a hankali, ta ce za ta je ta sha iska. Na so ƙasa ta tsage in shige. Duk da haka girman kai bai sake ni ba, na ce wa Malam Lawali idona ba ya kuskure, a tambayi kowa daga Roni har Gwiwa.

Ya ce, "To mu gwada mana." Ya san wata gonar kiwo a bayan gari mai sikeli, amma sai mun jira, domin a can da rana ta take ana rufe ofis da shago, kowa ya tafi gida ya kwanta sai wajen la'asar. Ranar na tsani wannan al'ada. Awa uku ina zaune a ɗakin baƙi ina jin motsin Sa'adatu a cikin gida, ba ta leƙo ba.

Da yamma muka je mu uku. Aka fara koro fararen shanu irin namu. Na farko na ce ɗari uku da ashirin, sikeli ya ce da ashirin da takwas. Na biyu na wuce da goma sha biyar, na uku na gaza da ashirin. Makiyayan wurin suka fara tafa mini, na ji ƙirjina yana buɗewa. Sai aka koro wani jan sa na Bororo, dogo, ƙafafu kamar na raƙumi, haƙarƙari a waje. Na zagaya shi, na taɓa gindin wutsiya, na ce ɗari uku da hamsin. Sikeli ya ce ɗari huɗu da talatin da ɗaya. Na ce a sake. Aka sauke shi aka mayar, bai canja ba. Aka kawo na Buzaye guda biyu, su ma na sha ƙasa. Na tsaya riƙe da ƙarfen shingen ina tuna jajayen shanun da na yi wa allura a rayuwata, waɗanda in magani bai kama su ba nake cewa jabu ne aka sayar mana.

Malam Lawali bai yi mini dariya ba. Murna ma yake yi, yana rubutu a ɗan littafinsa. Ya ce idona a kan farare ya koyi aiki, shi ya sa da ya ga wani gini na daban ya rikice, kuma wannan ita ce damuwarsu kullum: ɓaunar nan ba sa ba ce, ba kuma ɓaunar yanzu ba ce, to da wa za a gwada ta? Shi ya sa ba sa faɗin lamba ɗaya, sai dai su ce tsakanin kaza da kaza. Na ce to tunda a kan farare ina kusa, ba za a bar nawa ba? Sa'adatu ce ta amsa, karo na farko tun safe. Ta ce, "Kawu, ko da ka dace a duka, ba zan iya rubuta cewa an auna abin da ba a auna ba. Kuma ido yana kallon kaurin ƙafa kafin ya faɗi nauyi. Ka ga kenan ƙashin ne ya ba ka lambar, ni kuma na dawo ina murna wai lambar ta yi daidai da ƙashin."

Ban taɓa tunanin haka ba. Gaskiya ce kuwa, ƙafa nake fara kallo.

Washegari ta goge ɗigo talatin da huɗu a gabana. Layin ya ɗan karkace, tazarar ta buɗe. Da tana cewa ɓaunar ta ɗan haura tan ɗaya, wato kilo dubu, yanzu sai dai ta ce daga ƙasa da tan ɗaya zuwa fiye da ɗaya da rabi, kuma ta ce da wannan ba za ta tsaya gaban malamai ba. Ta rubuta wa jami'arsu tana neman ƙarin shekara. Ta karanta mini takardar kafin ta aika, babu sunana a ciki, ta ce ita ce ba ta bincika awon ba. Wannan ya fi zagi ciwo.

Tare muka dawo. A iyaka ɗan duwan nan ya gane ni, ya ɗaga murya yana tambaya, "Baba, kilo nawa ta yi?" Na ce ba a gama ba tukuna. A Kazaure na ce ta wuce makaranta, ni zan je in sami mahaifiyarta. Na tarar da ƙanwata ta riga ta sayi atamfar da za a yi anko ranar walimar gama karatu, tana nuna mini launin. Na gaya mata komai a tsaye. Ta daɗe tana ninke atamfar, sannan ta ce, "Yaya, da wani ne ya yi mata haka, kai zan kai wa ƙara."

Yanzu duk mako muna gonar mai turka a Gwiwa. Na bi mahauta ɗaya-ɗaya na roƙe su, wasu don kunyar tsohuwar ma'amala suka yarda, mun kai sa goma sha ɗaya, har da jajaye uku. Sa'adatu tana tasowa tun daga makaranta kowane zuwa, motar haya biyu da acaɓa, ko da na ce mata ta huta zan iya. Tana gaishe ni yadda ta saba, tana kawo mini goro. In an hau da sa kan sikeli, ni nake riƙe igiya, ita take karanta lambar ta rubuta da hannunta. Ban tambaye ta dalili ba.